Kachala, tofa ko kyauro: yadda za ka bambance su a fadama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a bakin fadama muke, kan ciyayin nan masu fitar da farin kai buzu-buzu da iska ke kwasa, wanda wasu duk kachala suke ce musu, alhali ba daya ba ne.

To matso da kyamara nan. Wannan ita ce kachala, kun ga ƙafarta a cikin ruwa tsundum, tsawonta ya wuce mutum. Kanta kafin ya fashe ruwan ƙasa ne, dunƙule kamar zangarniyar gero, sai ya bushe ka murza shi haka, kun gani? farin nan ya tashi, kowane gashi da ɗan iri a jikinsa. Karya ganyen kuma ka duba, cikinsa duk ƙofofi ne, ta nan take kai iska zuwa saiwa, shi ya sa in za ka yanke ta ka yanka a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen ta shaƙe. In ka sare ta sama wallahi aikin banza ka yi, za ta sake tohowa. Mutanen Hadejia da Nguru sun san wannan bala'in, tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya koma zama a wuraren da da suke bushewa da rani, ita kuma ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunta wucewa da kwale-kwale, ga tsuntsayen jan-baki na kwana a ciki suna cinye wa mutane shinkafa.

Tofa kuma gajera ce, ba ta zama cikin ruwa, tana gefe inda ƙasa ke da laima. Kanta siriri ne fari sol mai sheƙi, bakin ganyen da kaifi, kuma tsinin da ke fitowa daga saiwarta yana huda ƙafa, kar ka shiga ba takalmi. Don Allah a daina sa mata wuta da sunan kashewa, saiwar na ƙasa wuta ba ta kai mata, bayan ƙuna ma ta fi yin fure.

Kyauro shi dogo ne, ɗan'uwan rake, a yashin bakin kogi za ka same shi da kaka, karansa ne ake kibiya da shi. Mu ƙarasa can in nuna muku, a kula da santsi.