A bar yaro ya yi da kansa: wane irin bari?

[Ƙofar lise Ɗan Baskore, ɗalibai na fitowa da tsakar rana]

Kwanan nan muhawara ta yi zafi a WhatsApp. Wasu malamai sun ce a riƙa barin ɗalibi yana neman amsa da kansa, iyaye kuma suka ce a'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai ina ganin kalmar "bari" ce ta raba su.

[Gona a bayan gari, gawo da kalgo tsakanin hatsi]

Tunda an kawo zancen icce, mu leƙa gona. A shekarun 1980, nan yankin Maradi, wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu tana nan da rai. Manoma suka fara barin tohon ya tashi. Amma ku duba hannun wannan dattijo: yana zaɓen rassa masu ƙarfi, yana rage sauran, bayan ƴan watanni ya dawo ya duba. Bai tafi ya kwanta ba.

[Tsakar gida, yarinya da kaye, wato littafin rubutu, a kan tabarma]

To ga wurin da ake kuskure. Wannan yarinya tana shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen koleji, lissafi ya cije mata. Yayanta ya zo. Abin da muka saba, ya ƙwace bik ɗin, ya warware, ya miƙa mata, kowa ya huta. Gobe a canza lamba guda, ta tsaya cak.

Ku saurari wannan yayan.

"Ƙanwata, ta ina kika bi har kika samu wannan?"

"Yaya, na raba ne kafin in tara."

"To sake bi a hankali, ki gaya mini inda ya fara karkacewa."

Shiru. Wannan shirun shi ne ke da wuya, wallahi har ni ƙaiƙayi yake yi mini, sai in ji amsar tana neman kuɓuce mini daga baki. Amma a cikinsa take tuhumar tunaninta, ta gwada wata hanya, ta ga ba ta ɓulle ba, ta koma. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai tsara abu da auna sakamako, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma da aiki yake ƙarfi. Yayan yana zaune kusa, bakinsa kawai ya riƙe.

[Kasuwa, ƴan canji, kabu-kabu na wucewa]

Sauran a gurguje. A 2023 da aka rufe iyaka da Najeriya, hanyar Ɗan Isa ta tsaya, wuta ta yi ƙaranci, farashi ya riƙa sauyawa. Wane littafi ne ya tanadi amsar wannan? Yaron shago da aka saba barinsa ya lissafa canjin naira da sefa, shi ya fi saurin gane inda riba ta koma.

[Harabar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo]

Nan jami'a kuma babu mai duba kayenka da yamma, sai abin da ka saba yi da kanka.

[Komawa tabarma]

"Yaya! Na gani, tarawar ce ya kamata in fara."

Minti goma sha biyu ta ɗauka. Shayinsa ma ya huce.