Turoponin a Jinin Mai Lafiya: Kowa da Inda Nasa Ya Saba Zama

Assalamu alaikum. Abubuwa uku na zo da su, in lokaci ya bari.

Na farko, turoponin. Furotin ne na tsoka, Setsuro Ebashi ya gano shi a Japan a 1965. Zuciya tana da irin nata. In jijiyar jini ta toshe, jini ya kasa kai wa wani sashe na zuciya, tsokar ta jikkata, sai turoponin ya tsiyayo cikin jini. Tun shekarar 2000 shi ne gwajin da likitoci suka fi dogaro da shi wajen gano irin wannan rauni na zuciya.

A da, in ka auna mai lafiya ba ka ganin komai. Da na'urori suka ƙara kaifi, sai ga shi nan a jinin masu lafiya ma, ɗan mitsitsi. To ina iyaka? Aka ce a jera masu lafiya 100, daga mai kaɗan zuwa mai yawa, a ja layi a kan na 99. Turoponin iri biyu ake aunawa, T da I. A gwajin turoponin T na kamfanin Roche, layin ya faɗo a kan nanogiram 14 a litar jini.

Nan ne inda nake so. Ke mai saurin rubutu, ajiye biro tukuna. Mu ƙaddara mutum biyu, lafiyarsu ƙalau. Ɗaya in ka auna shi yau, ka sake wani mako, kullum wajen 4 yake. Ɗayan kuwa 12 ne gidansa. Kowa ba ya nisa da inda ya saba, amma tsakaninsu akwai tazara. Ran nan mai 4 ya zo da ciwon ƙirji, aka samu 11. Takarda ta ce bai tsallake layi ba. Alhali ya kusa ninka nasa sau uku! Mai 12 kuwa ya ɗan gusa zuwa 15, an tayar da hankalin iyalinsa. Na sake faɗa: 11 ɗin can ya fi ba ni tsoro.

Na biyu... ko na uku muke? Oho dai. Turoponin na maza ya fi na mata, yana ƙaruwa da tsufa, da ciwon ƙoda, kuma bayan gudun famfalaki yakan hau na ɗan lokaci. Turoponin T ma ya fi yawa da safe.

Na'am, ga hannu can baya.

“Malam, me zai hana a auna kowa tun yana lafiya, a ajiye?”

Madalla. Amma wa ke zuwa ɗakin gaggawa da tsohuwar takardarsa a aljihu? Ko ya zo da ita, in na'urar wani kamfani ce, ko I aka auna maimakon T, lambobin ba sa haɗuwa. Shi ya sa muke ɗiban jini da isowarsa, mu sake bayan awa ɗaya zuwa uku, mu kwatanta shi da kansa. Na ukun kuma, sai wani zaman.