Bargon ƙyalle na matan Gee's Bend: inda ainihin aikin yake

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon dai ku kuka ja min shi. Tun da ɗan guntun nan ya fara yawo, na wata dattijuwa baƙar fata a Amurka tana ɗaga bargon ƙyalle ana cewa irinsa kan kai dubban daloli, saƙo ɗaya nake ta samu, wai "ai wannan ko telan unguwarmu zai haɗa shi kafin la'asar, ƙyallaye ne fa da ake sharewa a ƙasan keke". Wani ma cewa ya yi in nemo masa lambar masu saya, yana da buhu biyu a shago. To Alhaji ajiye buhunanka tukuna. Abin da kuka gani ana ɗagawa fuska ce kawai, falle ɗaya cikin uku, kuma aikin da ya ba abin sunansa, wanda Turawa ke ce wa kwiltin, lokacin ko fara shi ba a yi ba.

Bari mu yi saurin ganin garin. Ga taswira. Jihar Alabama ke nan a kudancin Amurka, ga kogin Alabama ya yi lanƙwasa kamar ƙugiya ya zagaye wata 'yar ƙasa ta ɓangare uku. Sunanta a takarda Boykin, amma kowa Gee's Bend yake cewa, saboda wani Joseph Gee da ya buɗe gonar auduga a wurin a 1816 da bayi. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, shi ya sa har yau in ka shiga garin ka ce ina 'yan Pettway, hannuwa da yawa za su tashi, sunan ubangidan ne ya bi jikokin bayinsa. Gidajensu na katako ne iska na shiga ta ko'ina, ku duba wannan hoton na 1937, jarida ce aka lilliƙa a bango don tare sanyi. A irin wannan ɗaki bargo ɗaya ba ya isa, sai an jibga uku huɗu a gado, kuma babu kuɗin sayen ko ɗaya.

Saboda haka mace ta tara abin da ya mutu a gida. Wandon aikin miji da gwiwarsa ta cinye, rigar yaro, buhun fulawa, buhun taki. Ta yayyaga, ta jera, ta ɗinke su gefe da gefe har su zama falle ɗaya mai faɗin gado. Wannan shi ne matakin da kowa ya sani kuma shi ne mai kyau a kyamara. Akwai zanen da suke kira rufin ɗaki, murabba'i cikin murabba'i kamar ka kwanta kana kallon sama, akwai na jeren bulo, akwai kuma wanda suke ce wa, in na fassara, "yadda na ga dama". Ni wannan na ƙarshen ya fi burge ni wallahi, layin ya karkace ta bar shi a karkace. Amma ku lura da abu ɗaya a wannan hoton: ita kaɗai ce. Haɗa fuska aikin mutum ɗaya ne, da dare bayan an dawo daga gona, kowa a ɗakinta, da irin idonta.

Yauwa, nan za mu zauna.

Ɗauki wannan fuskar ka lulluɓa da ita a daren hunturu, za ka kwana kana rawar ɗari, domin ba ta fi zanin gado kauri ba, bayanta kuma duk bakin ɗinki ne da zare a waje. Kafin ta zama bargo sai an yi mata hawa uku. A ƙasa shafi, wato babban falle guda, a da yawanci buhuna ne aka farke aka wanke aka haɗa. A tsakiya auduga. A sama fuskar. Audugar nan kuma ba ta kanti ba ce mai zuwa a naɗe sumul, ragowar gona ce da wadda ta zube a wurin injin gurza, a kawo ta gida a baza a yi ta bugu da sanda har ƙura da datti su fita ta yi laushi, sannan a shimfiɗa ta da tafin hannu, nan kada ya yi tudu can kada ya yi rami.

Yanzu tambaya, me zai riƙe audugar a wurinta? Babu gam, babu komai. In ka ɗinke baki huɗu kawai ka bar tsakiya, ka yi buhu ne. Wanki ɗaya, audugar ta gangaro ta cure a lungu guda kamar an ƙulla dawo a gefen zani, sauran wurin ya zama fayau. Na san wannan ne saboda na gwada, da ɗan ƙarami mai faɗin sallaya, ina ta murna na gama cikin kwana biyu. Da aka wanke aka shanya, ƙanwata ta tambaye ni wai me na ɓoye a ciki.

Maganin shi ne a bi dukan faɗin bargon da ɗinki, layi bayan layi, kowane sukan allura ya ratsa fuska ya ratsa auduga ya fita ta shafi ya dawo sama. Layukan kusa da juna, tazarar 'yan yatsu, yadda audugar za ta rabu cikin ƙananan ɗakuna ta rasa hanyar gudu. Wannan ɗinkin shi ne kwiltin. Kuma mu Hausawa bai kamata ya zama mana baƙo ba, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifida. Lifidin nan da ke jikin doki da mahayi, yadi ne sama da ƙasa, auduga a tsakiya, an bi shi da ɗinki ya riƙe. Kakanninmu sun yi shi don kibiya da takobi, su kuma can don sanyi, amma dabarar hannun ɗaya ce.

To ta yaya mutum zai ɗinka tsakiyar abin da ya fi shi tsawo, hawa uku, ba tare da na ƙasa ya tattare ba? Ga amsar a wannan hoton. Katako huɗu dogaye an haɗa su kamar bakin gado, an ɗaure bargon a jiki an ja shi ya miƙe kamar fatar ganga. Wasu kan ɗora katakon a bayan kujeru, wasu gidajen kuma da igiya ake rataye shi daga rufi, a sauko da shi in za a yi aiki, in dare ya yi a ja shi sama a shimfiɗa wa yara a ƙarƙashi, don ɗakin ke nan babu wani. Mata su zauna a kewaye, kowa da gabanta. Za ki ɗinka iya inda hannunki ya kai, ta gefenki ma haka, in duk an cinye wannan sai a dakata, a kwance, a naɗe gefen da aka gama a jikin katakon, a matso da kujeru ciki, a ci gaba. Haka bargon zai yi ta tsukewa har na wannan gefe da na wancan su kusa haɗa gwiwa.

Ku kalli hannunta, zan rage gudun hoton. Hannun dama a sama da allura, da ɗan ƙarfen nan a yatsa na tura ta. Hannun hagu ba ku ganinsa, yana ƙarƙashin bargon, kuma shi ne idonta. Tana soka allurar sai ta ji tsininta ya taɓa yatsan ƙasa, da ta ji sai ta karkato da ita sama, ta sake sokawa, sau uku sau huɗu a jere kafin ta ja zaren. Wato kowane ɗinki ɗaya sai allura ta ɗan ɗanɗani yatsa. Ku lissafa sau nawa ke nan a bargo guda, ni dai nawa yatsan ya yi kwana uku ba ya son ruwan zafi. Ƙullin zaren ma ba a barinsa a waje, ana fizgarsa ne ya shige ya ɓuya cikin audugar. Wannan layin mai lanƙwasa kamar bakan gizo da kuke gani yana maimaituwa, ba wani sirri ba ne, iya zagayen hannun mace ne daga gwiwar hannu in tana zaune.

Ka ga dalilin da ya sa ake taruwa. Mace ɗaya za ta iya, amma sai ta yi makonni katako na tare mata ɗaki, ga sanyi ya ƙaraso. Mata huɗu ko shida kuwa su tashi da shi cikin ɗan lokaci. Sai abin ya zama aikin gayya, kamar yadda ake yi wa mutum noma ko yaɓen ɗaki a ƙauye: bayan an gama tsince auduga, yau a gidan wannan gobe a gidan waccan, mai gida ta dafa abinci, ana ɗinki ana waƙoƙin coci, ana labarin wa ya yi aure wa ya tafi birni. 'Yan mata ƙanana aikinsu zura zare a allura, daga nan suke koya.  Fuskar ta mutum ɗaya ce, da sunanta ake kiran bargon, amma juya bayansa ka bi layukan, sau da yawa za ka ga nan ɗinki ƙanana a matse, can dogaye a sake, hannun maƙwabta ne.

Akwai wanda nake so ku gani, hoto ɗaya tak nake da shi don haka zan bar shi ya daɗe a allo. Na Missouri Pettway ne, na 1942. Mijinta Nathaniel ya rasu, sai ta kwashe tufafin aikinsa na gona, 'yarta Arlonzia ta taya ta yayyagawa, ta haɗa bargo da su don ta riƙa lulluɓa. Ku duba inda launin ya koɗe, gwiwar wando ce. Shi ke nan, ba zan ƙara komai a kai ba.

Sauran tarihin a guje. A 1962, lokacin da baƙaƙen fata ke fafutukar rajistar zaɓe, aka dakatar da jirgin fiton da ke kai su Camden, hedikwatar yankin, tafiyar da ke tsallaken kogi ta koma zagaye mai nisa a mota, ga shi masu motar ba su da yawa. Martin Luther King, jagoran wannan fafutuka, ya zo garin a 1965, kuma da aka kashe shi a 1968 alfadarai biyu daga Gee's Bend ne suka ja amalanken gawarsa a Atlanta. A 1966 mata suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee a nan kusa, da taimakon wani limamin coci Francis Walter, Estelle Witherspoon ta daɗe tana jagoranta. Kuɗi ya fara shigowa, amma manyan kantuna suna son kowane bargo ya yi kama da ɗan uwansa, awo daidai ɗinki daidai, abin da bai yi wa masu "yadda na ga dama" daɗi ba. A 1972 suka samu kwangilar rigunan matashin kai daga babban kantin Sears, da wani yadi mai kauri mai layi-layi, ragowarsa mata suka riƙa kaiwa gida, shi ya sa bargunan shekarun nan da yawa suka koma ruwan zinare da kore da ja.

Sai 2002, aka rataye su a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan New York, masu sharhi suka rikice suna kwatanta su da manyan masu zanen zamani. Abin dariya, matan da yawansu ba su taɓa shiga irin wannan gida ba sai ranar da aka rataye nasu. A 2003 suka kafa tasu ƙungiyar ta sayarwa, kaso na mai bargo kaso na ƙungiya. A 2006 bargunan suka hau kan sarki guda goma na gidan wayar Amurka, a shekarar kuma jirgin fito ya dawo, bayan shekara 44. An yi rigimar kuɗi har kotu a 2007 tsakanin wasu matan da masu dillancin kayan, wannan bidiyo ne na daban. A 2015 Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway suka karɓi lambar girmamawa ta ƙasa.

Na san wani zai ce yanzu ai akwai inji. Akwai, wani dogon keke mai tafiya a kan dogo, ya bi bargo gaba ɗaya cikin awoyi, kuma ƙungiyoyi da yawa a Amurka shi suke kai wa. Ba na zagin sa, bargon yana ɗumi. Ni dai a ganina in ka juya bayansa ba ka samun kowa a wurin, layin ya yi kyau da yawa.

In an kai layin ƙarshe sai a kwance shi daga katako, a datse audugar da ta leƙo, a naɗo bakin shafin a kalmashe shi a kan fuska zagaye huɗu. Ga shi nan ta yarfa shi a kan igiyar shanya. Dakata a nan, matso da hoton, a'a ba gaban ba, bayan. Alhaji mai buhu biyu, fara ƙirga layukan nan, in ka kai ƙarshe ka kira ni.