Fodkas ɗin Inuwar Bedi: Hanyar zama mushe (malamin makaranta), daga dosiye har zuwa aji

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, daga Tawa muke gaishe ku. Yau muna tare da Baba Mushe Isuhu, wanda ya tsufa da alli a hannu, da kuma ƙanena Sani, da ya samu BAC kuma ya ce koyarwa zai yi. Baba, ina gajiya?

Mushe Isuhu: Babu gajiya, ɗiyata. Sani, an gama haɗa dosiyen neman shiga makarantar horon malamai?

Sani: Da saura, Baba. Ina da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da hotuna. Saura kaziye daga kotu, wato takardar shaidar rashin laifi, da takardar likita, sai in kai kwafin difloma a buga mata hatimi.

Mushe Isuhu: Kada ka yi gaggawar kaziye, wata 3 ne ranta. Jira sanarwar konkur, wato jarrabawar shiga, ta fito. Amma yau ɗin nan, ka baje takardunka bisa tabarma ka duba sunanka harafi bayan harafi. Wani ɗalibina daga wajen Buza, a takardar haihuwa an rubuta sunan mahaifinsa da S biyu, a difloma da guda. Ranar rufe karɓa aka mayar masa da dosiye. Shekara guda ta tafi a kan harafi ɗaya. Har yau abin na yi mini ciwo, don ni ya kamata in duba masa.

Hadiza: Allah sarki. To Baba, ƙofofin shiga aikin koyarwa nawa ne? Mutane na cakuɗa su.

Mushe Isuhu: Mai son firamare, makarantar horon malamai zai nufa, wadda muke kira ENI. Tamu ta nan Tawa sunan Kawsan gare ta. Akwai Askiya Muhammad a Damagaram, Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi, Mali Bero a Doso. In ka gama, ka fito da CFEEN, difloma ta kammala ENI. Mai son kwaleji ko lise kuwa, sai ENS, babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, can ne ma ake horar da sufetoci. Nan gida kuma Jami'ar Jibo Hamani na da tsangayar nazarin ilimi.

Sani: Abokaina cewa suke in bar wahalar nan, in nemi kwantaragi kawai in fara karɓar ɗan abin sayen sabulu.

Mushe Isuhu: Nan nake so mu tsaya. Ba na zargin 'yan kwantaragi, su ne suka riƙe azuzuwan ƙauyukanmu, sau da yawa da jinkirin biya. Amma an sha ɗaukar yaro bai taɓa tsayawa gaban allo ba, a damƙa masa aji. Kun tuna 2017, da aka yi musu jarrabawar tantancewa? Ƙasa ta ɗauki zafi, da yawa suka rasa aikinsu. Ni na ga magidanta suna kuka. Wanda ya tura su aji ba horo, shi ma da laifinsa.

Hadiza: Amma Baba, wanda ya ci BAC ai ya san abin da zai koya wa ɗan CI, ajin farko na firamare.

Mushe Isuhu: Ya san karatun, bai san yaron ba. Ɗan shekara 7 ya zo daga gida da Hausa ko Tamajak a bakinsa, bai taɓa jin Faransanci ba. Ta ina za ka kama shi? Yaya za ka shirya darasi tun dare a kan fish, wato takardar tsara darasi, ka raba minti-minti? In iska ta taso a aji na zana, yara sun cika shi maƙil, wa za ka fara kulawa? Wannan a sitaj ake koyonsa, wato lokacin koyon aiki a aji, kana zaune bayan aji kana kallon tsohon hannu, kafin a miƙa maka alli shi kuma ya zauna yana rubuta kurakuranka.

Sani: Ni abin da ke tsorata ni shi ne inda za a tura ni.

Mushe Isuhu: Za a tura ka nesa, kada kowa ya ɓoye maka. Ni aikina na farko, sai ranar kasuwa mota ke shiga garin. Maigari ya ba ni ɗaki, matansa na aiko mini da fura. Ka je da niyyar zama, su za su riƙe ka. Kuma kada ka kwanta a kan CFEEN, ka nemi CAP, shaidar ƙwarewar koyarwa, ka bi maganar lambarka ta aikin gwamnati.

Hadiza: Ni kuma roƙona ga iyaye ne: ku bar 'yan mata su ajiye dosiye. A ƙauye, uwa ta fi sakin jiki ta bar ɗiyarta a lakwal in ta ga mace ce gaban allo.

Sani: Baba, in kawo miki... af, in kawo maka takardun ka duba mini?

Mushe Isuhu: Gobe bayan la'asar. Ka zo har da na abokan naka.