Wa ya kafa Hyrule? Rikicin tarihin wasan Zelda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Jos. Na san a shagunan gem na Terminus da Bauchi Road ƙwallo ce ke cin kasuwarta, amma akwai 'yan tsirarun da ke riƙe da Switch, kuma su suka hana ni sakat da tambaya guda: wai wa ya kafa masarautar Hyrule? Wanda bai gama Tears of the Kingdom ba ya dakata daga nan, don zan fasa ƙwai.

Nintendo ta saki Zelda na farko a 1986. Aka shekara 25 ana ta sakin sababbi, kusan kowanne da nasa Link ɗin, masoya na ta hasashen wanne ya riga wanne. Sai a ƙarshen 2011 littafin Hyrule Historia ya fito a Japan da cikakken jeri. Skyward Sword shi ne tushe. Ana tafe a layi ɗaya har Ocarina of Time na 1998, inda hanya ta rabu uku.

Ku duba allon. Link yana yaro ya zare takobin Master Sword, ya yi barcin shekara bakwai, ya farka saurayi, ya ga bayan Ganondorf. Zelda ta mayar da shi yarintarsa. Ka ga duniya ta zama biyu ke nan. Wadda ya baro ta rasa jarumi, Ganon ya dawo, ruwa ya shanye Hyrule, aka samu The Wind Waker. A wadda ya koma kuwa ya tona asirin Ganondorf tun kafin ya yi ɓarna, daga nan Majora's Mask da Twilight Princess suka biyo. Waɗannan biyun ba mai jayayya, wasan da kansa ya nuna su.

Na ukun ne ya ƙi shiga kaina har gobe. Wai reshen da Ganon ya yi nasara a kan Link. To malam, idan faɗuwar Link tana buɗe sabon tarihi, duk yaron da ya mutu a hannun wani dodo ya sake latsa maɓalli ai shi ma ya buɗe nasa. A ganina an ƙirƙiro reshen ne kawai don A Link to the Past na 1991 da wasannin 1986 da 1987 su samu wurin zama. Jerin ma bai zauna daram ba: da Hyrule Encyclopedia ya fito a 2017, sai aka dawo da Link's Awakening gaban wasannin Oracle biyu, alhali a littafin farko bayansu yake.

A wannan shekarar ta 2017 Breath of the Wild ya zo ya dagula lissafi. The Wind Waker ya nuna cewa Rito, mutanen nan masu fukafukai, jikokin Zora ne na cikin ruwa, har Medli ta gaji wata mai hikima 'yar Zora mai suna Laruto. Amma a Breath of the Wild ga Zora a fadarsu, ga Rito a ƙauyensu, kowa na harkarsa. Gishirin da kake fasowa daga dutse an ce na tsohuwar teku ne, wato reshen ambaliya. Jawabin Zelda ranar naɗin Link kuma ya taɓo duhun magariba irin na Twilight Princess, wato wani reshen daban. Nintendo ta ce wasan yana can ƙarshen komai, ta ƙi faɗin ƙarshen wane reshe.

Yanzu ga tambayarku. A 2023 Tears of the Kingdom ya ce Rauru, ɗan ƙabilar Zonai, da matarsa Sonia su ne sarki da sarauniya na farko. Nan masoya suka rabu gida biyu, kuma na ga abokai biyu sun bar shayinsu ya huce a Farin Gada a kan wannan. Ɗaya ya ce kafuwar asali ce, bayan Skyward Sword. Ɗayan ya tare shi da cewa in haka ne, me Rito ke yi a cikin mayaƙan Rauru tun ba a yi ambaliya ba? Sannan wannan Ganondorf ɗin yana ɗaure a ƙarƙashin fada, hannun Rauru danne da ƙirjinsa, duk tsawon zamanin da aka haifi wani Ganondorf a Ocarina ya yi mulki ya faɗi? Ga kuma wani Rauru a Ocarina, dattijo mai farin gashi da siffar mutum. Hatta yaƙin da aka ɗaure Ganondorf sunansa ɗaya da na A Link to the Past, amma a can masu hikima bakwai ne suka rufe Ganon yana riƙe da Triforce, a nan kuwa duwatsun sirri ake rigima a kansu.

Ni ina bayan masu cewa tsohuwar Hyrule ta rushe, aka manta da ita, Rauru ya kafa sabuwa da tsohon suna. Daraktan wasan, Hidemaro Fujibayashi, ya taɓa nuna cewa hakan mai yiwuwa ne, ko da yake bai yanke hukunci ba. Kuma a tuna su wa ke ba da tarihin a cikin wasan: tsohuwa Impa, da zanen jikin ƙyalle, da rubutun duwatsun Zora, suna maganar abin da ya wuce shekara 10,000 ko fiye. Mu nan, ka zaunar da dattawa uku su ba ka labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, za ka ji macijin ɗaya ne amma bayanai sun sha bamban, kuma ba wanda ya ce Daura ƙarya ce. Irin wannan saɓanin na yafe wa Nintendo.

Wanda ban yafe ba shi ne na kayan Sheikah. Tsakanin wasannin biyu 'yan shekaru ne kacal, yaran da ka sani ko gama girma ba su yi ba. A na farko akwai hasumiya 15, da ɗakunan gwaji 120, da injuna huɗu masu girman tsauni: giwa a yankin Zora, ƙadangare a kan Death Mountain, tsuntsu a saman Rito, raƙumi a hamadar Gerudo. Ka shiga na biyu, babu ko ɗaya. Ka je Hateno, ka leƙa saman ɗakin binciken Purah, za ka tarar da gawar Guardian guda a ajiye, makarantar garin ma tana koya wa yara labarin bala'in Ganon. Wato an san abin ya faru. Amma ba ka jin mutanen gari suna tambayar ina giwar da ta kusa nutsar da su da ruwan sama ta shiga.

Amsar daraktan ita ce kayan sun ɓace da aikinsu ya ƙare, mutanen Hyrule kuma sun saba da abubuwan al'ajabi. Haba dai. Dalilin da na fi yarda da shi Eiji Aonuma, furodusan jerin, ya sha faɗinsa: su yadda za a buga wasa suke fara tsarawa, labari ya biyo baya. Taswirar ce ba ta canza ba, ga sababbin ɗakunan gwaji na Zonai 152 suna neman fili a ƙasa da sama, sai aka share tsofaffin. Rubutu ɗaya a littafin Purah da ke cewa mun kwance raƙumin nan mun gina hasumiyoyi da ƙarfensa, da ya kashe maganar, kuma ba su rubuta shi ba.