Ya Zo Mata a Mafarki da Fuskar Ɗan Fim

RABI: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Rabi ce, ga Malam Isa a gefena, ga Kabiru yana ta fama da makirfo tun ɗazu. Yau Turai da Amurka za mu leƙa, wurin mutanen da suka koma bautar allolin kakanninsu, irin su Odin da Thor da Zeus. Malam, na ga ka ɗaure fuska.

MALAM ISA: Ban ɗaure ba, Hajiya. So nake dai masu sauraro su san labari muka zo bayarwa. Malamai sun ce mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne. Bismillah.

KABIRU: Ni Anti, tambayata ɗaya ce. Da gaske suke, ko dai shaƙiyanci ne irin na mutanen da suka ƙoshi?

RABI: Bari in ba ka abin da idona ya gani. Lokacin da nake karatu a Ingila, akwai wata Baturiya da muke kicin ɗaya. Wata rana na shiga ɗakinta aron caja, sai na ga wata 'yar kanta a saman teburin karatunta. Jan kyandir, ƙaramin kofi da giyar zuma a ciki, alewa uku a kan faranti, sai wani ɗan mutum-mutumi na roba mai koren alkyabba da hula mai ƙaho biyu.

KABIRU: Loki! Na finafinan kamfanin Marvel na Amurka. Wallahi irinsa ake sayar wa yara.

RABI: Shi ne, asalinsa ɗaya ne daga cikin tsofaffin allolin arewacin Turai, irin su Odin da Thor. Na ce mata wannan fa? Ta ce ai wurin ibadarta ke nan. Wai kwana uku a jere tana mafarkin wani mutum ya zauna a bakin gadonta yana mata dariya, kuma fuskarsa sak ta Tom Hiddleston, wanda ya fito a matsayin Loki tun fim ɗin Thor na 2011. Dariya ta kusa ƙwace min, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Dole na haɗiye.

KABIRU: To ai ɗan fim ta yi mafarki da shi, Anti. Ni ma na taɓa mafarkin ina cin tuwo da Messi.

RABI: Haka na ce mata, amma da ladabi. Ta ce a'a, Loki ya aro fuskar ne don ta gane shi, da ya zo da tasa ba za ta san ko wane ne ba.

MALAM ISA: Ka ji inda gizo ke saƙar. Mutanen nan gado suke nema, amma gadon ya yanke. Ƙasar Aisland ta karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000. Mafi yawan abin da aka sani game da allolin arewacin Turai daga rubutun da aka yi bayan haka ya fito, musamman littafin Edda da Snorri Sturluson ya rubuta wajen 1220, kuma shi kansa Kirista ne. Ya adana labaran ne don mawaƙa su fahimci tsofaffin waƙoƙi. Bai rubuta yadda ake ibada ba. Shi kuwa Loki, masana ba su samo wata shaida mai ƙarfi cewa mutanen da sun bauta masa ba. Sunan Thor da na Odin suna cikin sunayen garuruwa da wuraren bauta birjik, shi babu irin wannan.

KABIRU: Ke nan alewar nan ba a littafi ta samo ta ba.

MALAM ISA: Babu littafin da ya ce yana shan alewa. Giɓin da littafi ya bari, mafarki ne da fim suke cike shi. Ko dangantakar ma fim ya juya ta. A tsofaffin waƙoƙin, da Odin Loki ya yi 'yan'uwantaka ta haɗa jini. Marvel ce ta mayar da shi ƙanin Thor na riƙo. Thor kuma jan gemu gare shi a tsofaffin labarai, ba farin saurayi mai gashi ruwan zinariya ba.

RABI: Kuma su kansu sun san da matsalar. Har suna suka ba ta, UPG, wato sanin da mutum ya samu shi kaɗai, ta mafarki ko ta jin zuciya, babu mai tabbatar masa. Ladabin shi ne idan za ka faɗi irin wannan, ka fara cewa wannan nawa ne, ba daga littafi ba. Idan kuma mutane da yawa da ba su san juna ba suka zo da abu iri ɗaya, sai darajarsa ta ƙaru, a ce ya zama sanin tarayya. Ta ce min ba ita kaɗai ba ce, da yawa sun ji a ransu yana son kayan zaƙi.

KABIRU: Tsaya Anti. Mutum ɗari sun yi mafarki iri ɗaya, amma duk ɗarin fim ɗaya suka kalla, dandali ɗaya suke karantawa a intanet kafin su kwanta. Ai wannan shaida ɗaya ce aka buga ta kwafi ɗari.

MALAM ISA: Allah ya yi maka albarka, yau ka biya kuɗin shayinka. Kuma ba kai ka fara faɗa ba, cikinsu ma masu bin tsofaffin rubuce-rubuce sau da ƙafa haka suke caccakar 'yan mafarki. Akwai wata ƙungiyarsu a Amurka mai suna The Troth, ta daɗe da hana a ambaci Loki a ibadun taronta, saboda a labari shi ne sanadin mutuwar Baldur ɗan Odin, kuma yana ɓangaren abokan gaban allolin a yaƙin ƙarshen duniya. Sai a 2019 suka janye hanin.

RABI: Ba kuma duka ne suke ɗaukar abin kai tsaye ba. Ƙungiyar Asatru ta Aisland, ta masu bin tsofaffin allolin nan, wadda wani manomi mawaƙi Sveinbjörn Beinteinsson ya jagoranci kafa ta a 1972, gwamnati ta amince da ita a 1973, shugabanta Hilmar Örn Hilmarsson ya taɓa gaya wa 'yan jarida cewa ba ya jin akwai wanda ya yarda da wani mai ido ɗaya da ke yawo a kan doki mai ƙafa takwas, wato Odin. A wurinsu labaran misalai ne. To ka ga tsakaninsa da maƙwabciyata akwai tafiya.

KABIRU: Suna da yawa ne?

RABI: A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, mutum kusan 74,000 ne suka rubuta cewa su masu bin tsohon addinin gargajiya ne, daga wajen 57,000 a 2011. Ba yawa, amma ƙaruwa suke yi. Amurka ma tun 2013 ta yarda a zana gudumar Thor a kan kabarin tsohon soja idan iyalinsa sun nema.

KABIRU: Ni abin ya tuna min Indiya. Mu da muka tashi da finafinansu. A 1975 an yi wani fim mai ƙaramin jari, Jai Santoshi Maa, kan wata abar bauta da ba kowa ya san ta ba a lokacin. Fim ɗin ya yi kasuwa, mutane suna cire takalmi a sinima suna watsa furanni da kuɗi wajen majigi, mata suka yawaita azumin Juma'a dominta. Da aka nuna Ramayan a talabijin a 1987, har furanni ake rataya wa akwatin talabijin ɗin.

MALAM ISA: Ba sai ka je Indiya ba, ɗana. Nan maƙwabta, ƙasar Filinge a Nijar, wajen 1925 wasu sababbin iskoki suka ɓulla, aka kira su Hauka. Da wace siffa suke hawa mutum? Gwamna, soja, matar likita, har jirgin ƙasa. Abin da mutane suke gani kullum yana da ƙarfi a kansu, shi ya dawo musu a wurin bori. Faransawa suka kama mabiyansu suka ɗaure, wasu suka gangara Gana, a can Akara wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, ya ɗauke su a fim ɗin da ya fito a 1955. Jiya hular gwamna, yau hular Marvel.

RABI: Malam, wani zai ce ai mafarki a addini ba sabon abu ba ne.

MALAM ISA: Ko kusa. Tsofaffin Girkawa a Epidaurus har ɗaki suka gina, mara lafiya ya kwana a ciki don Asklepios, abin bautarsu na waraka, ya zo masa a barci da magani. Amma can akwai masu hidimar wurin, akwai al'adar da kowa ya sani. Mu kuma hadisi ya kasa mana mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da zancen zuci, abin da mutum ya yini yana saƙawa. Sannan malamai suka ce mafarki ba ya kafa hukunci. Ko ka rantse ka gani, ba za a ƙara raka'a a Magariba saboda barcinka ba. Yarinyar nan ba ta da wanda za ta kai wa mafarkinta ya ce mata wannan zancen zuci ne. Ita ce mai mafarkin, ita ce mai fassara, ita ce limamiya.

RABI: Ita kuwa abin da take alfahari da shi ke nan. Ta ce ta bar coci ne saboda ta gaji da a gaya mata abin da za ta ji. Ban yi musu da ita ba, cajata na karɓa na fita.

KABIRU: Anti, abu ɗaya ya tsaya min a rai. Alewar nan, wa yake shanye ta?

RABI: Na tambaya! Ta ce tana barinta ta kwana, da safe ta kai gindin wata bishiya a bayan ɗakunanmu ta ajiye, giyar kuma ta tsiyaye a ƙasa. Kafin azahar babu ko ɗaya.

KABIRU: To!

RABI: Kurege ne, Kabiru. Ina ganinsa ta tagar kicin. Har ya yi ƙiba.