Sharhi: Na'ura, Takardar Shaida da Makomar Ayyukan Yi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya duba tambayar da ke ci wa iyaye da matasa tuwo a ƙwarya, wato wane aiki ne zai rage wa ɗan Adam idan na'urori suka ci gaba da karɓe abin da aka saba yi da hannu da ƙwaƙwalwa, kuma wane irin ilimi ne zai fisshe shi.

A shekarar 2013 wasu masana biyu na Jami'ar Oxford da ke Ingila, Carl Frey da Michael Osborne, sun fitar da binciken da ya ce kashi 47 cikin ɗari na ayyukan yi a Amurka na cikin haɗarin komawa hannun kwamfuta. Adadin ya tayar da hankalin duniya, sai dai tarihin bankunan Amurka ya nuna cewa lamarin ba ya tafiya a miƙe haka. Lokacin da na'urar ATM ta bazu, an ɗauka ta ma'aikatan banki masu biyan jama'a kuɗi ta ƙare, amma aka yi shekaru yawansu bai ragu ba, domin buɗe reshe ya yi arha, bankuna suka ƙara rassa, ma'aikacin kuma ya rage ƙirga takardun kuɗi ya koma sauraron abokin hulɗa da warware masa matsala. Na'ura ta fi saurin ɗauke ɓangaren aikin da ake maimaitawa kullum ba canji, ta bar wa mutum ɓangaren da ke buƙatar tunani, kuma a nan ne ake gane wanda zai tsaya da wanda za a sallama.

Ba sai mun je nesa ba. Mai buga wasiƙa da tafireta a gindin bishiya kusa da gidan waya ya zama tarihi, mai POS ya kafa lemarsa a bakin titi. A garejin gyaran mota ma, ubangidan da ya saba gane ciwon inji da kunne yanzu yakan tsaya a gefe idan aka kawo motar zamani, yana jiran yaron da zai jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari ya karanto abin da ta nuna. Ƙwarewar ubangidan tana nan daram, amma karatun da yaron ya yi ne ya buɗe masa ƙofar da ta rufe wa maigidansa.

To amma kada mai digiri ya saki jiki. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tunanin ɗan Adam, ta shiga rubuta wasiƙun ofis, da fassara, da taƙaita rahoto, da tsara lissafi, ayyukan da a da ake ganin sai wanda ya je jami'a. A farkon shekarar 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce wannan fasaha za ta shafi kusan kashi 40 cikin ɗari na ayyukan yi a duniya, kimanin kashi 60 a ƙasashen da suka ci gaba, da kashi 26 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wanda ya yi haddar darasi don ya ci jarrabawa kawai yana gasa ne da abin da ya fi shi hadda nesa ba kusa ba, kuma ba ya neman albashi.

Wani zai ji wannan kashi 26 ya ce ashe mu mun tsira. A ganina wannan ba abin murna ba ne ko kaɗan, domin dalilin ƙarancin adadin shi ne yawancin mutanenmu suna noma ne da fartanya ko ƙananan sana'o'in da kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba, kuma ga ƙarancin lantarki da intanet da zai hana mu cin moriyar fasahar. Abin da ya fi wannan ɗaga hankali shi ne ƙiyasin Bankin Duniya na shekarar 2022, cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi a lokacin da suka kai shekara goma. Yaron da bai iya karanta jimla ba, ta yaya zai koyi sabuwar sana'a idan tsohuwar ta mutu a hannunsa yana ɗan shekara talatin?

Gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a shekarar 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku kan fasahar zamani, kuma yunƙuri ne da ya cancanci yabo. Sai dai shirin zai amfani wanda ya riga ya iya karatu da lissafi ne, alhali miliyoyin yara, mafi yawansu a Arewa, ko ajin farko ba su taka ba. Saboda haka gwamnonin jihohi da shugabannin ƙananan hukumomi, waɗanda makarantun firamare ke hannunsu, su ne ya kamata a fara tambaya malamai nawa suka ɗauka bana, ko ana biyansu a kan lokaci, da kuma yara nawa ne a aji uku suke iya karanta shafi guda da harshen da suke ji.